Wasiƙa daga Utako: Batun Motarka da Turbo

Utako, Abuja

Mutumina,

 Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da mutanen Gyaɗi-Gyaɗi baki ɗaya. Ya ƙarfin jikin Baba? Allah ya ƙara masa afuwa. Mu nan sai godiya, in ban da zafin da ya sako mu gaba da kuɗin haya da ba ya jin kira.

Saƙonka ya same ni. Ka ce in faɗa maka tsakani da Allah: ka riƙe Camry ɗinka a ɗaura mata turbo, ko kuwa ka yi musaya da wata tukuna sannan a ɗaura. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya. To ga amsata tun daga farko, kada in ja ka da nisa: kada ka bari a taɓa injin nan. In gudu kake so, sake mota tun tana da mutuncinta a kasuwa.

Na san inda abin ya samo asali. Tun zuwanka na ƙarshe, da wani yaro ya wuce mu a titin filin jirgi motarsa na fito kamar ana kiran tattabara, na ga idonka ya bi shi. Ba laifi, ni ma na ji daɗin ƙarar. Amma bari mu duba abin da ke yin fiton. Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ke fitarwa ta salansa shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke ɗura wa inji iska da ƙarfin tsiya. Iska ta ƙaru, a ƙara mata fetur, ƙarfi ya ƙaru. Dabarar ba sabuwa ba ce, wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi mata rajista tun 1905, kuma manyan motocin dizal da ke ɗaukar kaya daga Dawanau zuwa Legas yawancinsu da ita suke tafiya. Sai dai ƴar fankar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, cikin zafin hayaƙi, kuma baƙin man injin ne kaɗai ke hana ta cin kanta.

Nan ne gizo ke saƙar. Taka ƙirar 2008 ce, wadda dillalai ke kira Muscle, mai silinda huɗu, lita 2.4, ƙarfin doki 158. Injin nan sanannen mashayin baƙin mai ne, har kamfanin Toyota da kansa ya amsa cewa fistin da ringin na waɗannan shekarun suna da matsala. Kai da bakinka ka gaya mini ba ka yin tafiya sai da galan a but, kana kaiwa Zariya ka tsaya ka yi ciko. Injin da ba ya iya riƙe mansa yana tafiyarsa ta Allah da Annabi, shi za a ce ya ciyar da turbo? Ka ƙara da abin da makanikai suka riga suka yi mata. Ina da tabbacin an cire mata tamostat an haɗa fanka kai tsaye, don motoci da yawa a Kano haka ake musu da sunan maganin zafi. Indomin cikin salansa kuwa, wato abin tace hayaƙi, kai ma ka san tuni aka ƙwaƙule shi.

Mutane suna ɗauka ita fankar ce kaɗai abin saye. Ina! Sai an ƙera mata sabon bakin salansa. Sai an sa abin sanyaya iska a gaban lagireto, don iskar da aka matse zafi take yi. Sai manyan nozul da famfon mai da ya fi naka ƙarfi, sai a huda kaskon baƙin mai a ja tiyo mai kai mata mai da mai dawo da shi. Uwa uba birenbos, wato kwamfutar motar, wadda ba ta san da zaman turbo ba. Dole a samu wanda zai zauna da kwamfuta ya sake tsara mata yawan fetur da lokacin tartsatsin fulogi. Wannan ba aikin lalube ba ne. A ƙauyen makanikai na Apo akwai masu hannu na gaske, mutum zai sauke maka inji da safe ya mayar kafin magariba. Amma mai iya zama ya daidaita kwamfutar motar da ba a haife ta da turbo ba, sai an tona. Galibi abin da za ka ji shi ne “Oga, kawo ta, za mu gwada.” Da motarka za a koyi aikin, kuma kai za ka biya kuɗin makarantar.

Kwanakin baya na ga sakamakon irin wannan gwaji da idona a wani gareji. Motar ɗan wani maƙwabcinmu ce, an sauke kan injin an jera kayan a kan kwali. Makaniken ya ɗauko fistin ɗaya ya miƙo mini. Gefensa ya zagwanye, ya narke ya yi baƙi, ringin ya karye gida uku, bangon silindar kuma duk ya karce. Na tambaye shi me ya jawo haka, sai ya yi dariya ya ce fetur ne ke kamawa da wuta tun lokacinsa bai yi ba. Yaron ya ce ya ɗan ji wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas in ya taka, ya ɗauka daɗin turbo ne. Yanzu ana nema masa rabin inji a Zuba.

Wannan ya kawo mu ga man da muke sha. A Turai da Amurka famfo biyu ko uku za ka tarar a gidan mai, mai turbo ya zaɓi wanda ke jure matsi. Mu nan abin da tanka ta sauke shi kowa zai sha, daga mai A Daidaita Sahu har mai Marsandi. Ba ka manta watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, motoci suka yi ta tsayawa a Abuja da Legas. Sannan tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Mutane na bin layi a mayar musu da mota mai amfani da gas, kai kuma kana neman ƙara wa taka maƙogwaro. Ga zafin watan Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu. In ka taɓa maƙalewa a cunkoson Berger da rana tsaka, ko a bakin tashar Utako da yamma lokacin da motocin haya suka tare hanya, ka san yadda allurar zafi ke ɗagawa ko ba turbo.

Bar ma wannan, mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. Ƙarin iskar da injin da ba a canza masa kayan ciki ba zai iya ɗauka bai fi rabin abin da yake shaƙa ba, shi ma in an yi sa'a. Ka ce ka tashi daga doki 158 ka kai 220 ko 230. To ita wannan Muscle ɗin tana da ƴar'uwa mai silinda shida, wato V6, lita 3.5, jiki ɗaya, kujeru ɗaya, wadda ta fito daga kamfani da doki 268 da giya shida, taka kuwa biyar ce. Lexus ES350 ma injin ke nan. Wato bayan ka kashe kuɗi, ka sha jeka-ka-dawo wajen makanike, giyarka ta fara fizga saboda nauyin da ba nata ba, mai V6 zai zo ya wuce ka da na'urar sanyi a kunne, bai san ma kuna tsere ba. Kayan gyaran V6 ɗin kuma ga su can birjik a Ƙofar Ruwa.

Kuma ka san halin dillalanmu. Abin da ke sayar da Camry shi ne a buɗe bonet a ga komai yadda Bature ya bar shi. Ranar da dillali ya leƙa ya ga bututu sun yi rassa da wayoyi an naɗe da salatif, zai ja da baya ya ce “an taɓa ta,” shi ke nan farashi ya faɗi warwas. Ba wanda zai biya ka kuɗin turbo. Ragi ma za a nema saboda ita. Yau kuwa motarka kuɗi ce a hannu, ko da shan man nata.

Ba na ce V6 ɗin waliyyiya ba ce. Tana shan fetur fiye da taka, musamman a cikin gari. Famfon ruwanta kan yi yoyo, fulogi ukun baya sai an kwance kaya kafin a kai gare su, kuma na farko-farkon suna da wani tiyon roba na baƙin mai da kan fashe ba sallama, don haka ka tabbata an sauya shi da na ƙarfe. Dashbod ɗin da ke narkewa yana danƙo a rana kuwa, wannan gadon gidansu ne, ka riga ka saba.

In kuma ka ce kai fiton nan ne dai ya shiga ranka, to nemi wadda aka haifa da shi: Golf GTI, ko Marsandi C250 ta 2012, ko Accord ta 2018 mai lita 1.5. Su an gina musu fistin da giya da lagireto daidai da zafin. Amma su zama mota ta biyu, ba wadda za ta kai yara makaranta ta kai Baba asibiti ba. Ni dai har yanzu ban gane inda za ka yi gudun ba. Doka ta tsaya a kilomita 100 a awa a babbar hanya, hanyar Kaduna kuma ka fi ni sanin halinta.

In ka amince da musayar, kada ka yi gaggawar kiran dillali, don da ya ji ƙamshin zumuɗi cikon zai hau. Ka fara sayar da taka da kanka a Kano, ka riƙe kuɗinka, sannan ka zo mu zaga wuraren masu motoci daga nan har Jabi. Duk wadda ta kwanta maka, sai mu je da safe tun injin na sanyi a tayar a gabanmu, mu ga kalar hayaƙi, a jona mata kwamfuta, a leƙa ƙarƙashi ko ta taɓa shan ruwa. Takardun kwastan kuwa sai mun tantance su kafin ka fitar da ko sisi, sauyin suna kuma ofishin VIO na Mabushi ba nisa daga gidana.

Ka sanar da ni ranar da za ka taso don a gyara ɗakin baƙi. Uwargida ta ce in tuna maka alkawarin kilishi, kuma wai wannan karon ba ta karɓar uzuri. Ka gaida Hajiya da yara, ka yi wa Baba sannu da jiki.

Naka,
Mutuminka na Utako