Daga Sifili Ake Fara Ƙidaya

Masu iya magana sun ce jiki magayi. Nawa ya daɗe yana gaya mini, ni ne ban saurara ba, har wata Talata ta watan Oktoba na 2022 da jiri ya kwashe ni a gaban allo, ga alli a hannu, ga ɗalibai suna kallo. A asibiti likita ya ɗaura mini abin awo a damtse, ya ce: "16 bisa 10." Ni da na shekara 20 ina raba maki, 16 a wurina lambar yabo ce, amma a awon jini, daga 14 bisa 9 hawan jini ke farawa. Nan take na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara 3 kafin ya cika. Ƴaƴana 5 ne, babbarsu ko BEPC ba ta kai ba.

Likita ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Na farko da na biyu ba su ba ni wuya ba. Na uku kuwa, washegari na fita da zafin nama na yi gudu kamar mai shekara 18, alhali ina da 44, nauyina kuma kilo 94. Kwana 3 na yi ruku'u yana gagarata. Daga nan na koma tsohuwar hanya: daga gida sai moto, daga moto sai kujera, da yamma sai shayi mai sukari a fada.

Wani abokin aikina, malamin wasanni, shi ya kwatanta mini wani saurayi da ke horar da mutane da asuba, kusa da filin kokowa na Maradi. Da na je, kafin in yi sallama saurayin ya durƙusa ya ce: "Mushe, ina kwana?" Sai na gane shi. Ɗalibina ne na shekarun baya, wanda shekara guda cur ban ba shi komai ba a dikte sai sifili, har na rubuta a takardar sakamakonsa cewa ba zai yi nisa ba. Ya bar makaranta, ya yi kokowar kaka a ƙauyuka, sannan ya zauna ƙarƙashin malaman wasanni ya koyi aikin horarwa. Na so in juya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ya fara nema shi ne takardar likita. Bayan ya karanta ta a hankali, ya roƙe ni cikin ladabi in tuɓe babbar riga, in dafa ƙasa da hannu biyu, in sauke ƙirji in ɗaga. Na yi sau 3, a na huɗu haɓata ta sha rairayi. Na kwanta ina jiran dariya, ko irin kalmar da ni zan faɗa da a ajina ne. Sai ya buɗe littafinsa ya rubuta, ya ce: "Mushe, yau muna da 3. Jiya ko ɗaya ba mu da ita."

Muka yi jinga a kan jika 10 a wata, safiya 3 a mako bayan sallar asuba. Ya hana ni gudu. Ya sa ni tafiya mai sauri, irin wadda mutum zai iya magana amma ba zai iya waƙa ba. Kayan aikinsa gwangwanayen tumatir ne da aka cika da siminti aka haɗa da sandar ƙarfe, sai jarkar ruwa da tsohuwar taya. Ya koya mini kada in riƙe numfashi sa'ad da nake ɗaga nauyi, domin hakan kan sa jini ya hau farat ɗaya. Ya koya mini cewa tsoka ba lokacin aiki take ginuwa ba, sai lokacin hutun da ke biye, shi ya sa ba ya wahalar da gaɓa ɗaya kwana biyu a jere. Ƙari kuwa kaɗan-kaɗan yake yi, sai jiki ya saba da na jiya. Daga baya na tarar tsarinsa ya dace da shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020: baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2.

Ciwon jiki bai dame ni kamar bakin mutane ba. A fada aka riƙa cewa Mushe zai shiga kokowa, bana shi zai ɗauko mana takobi. Abin ya sa ni tunani. Tun 1975, da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maradi ya zama sarkinta, muke girmama ƙarfi, muna kwana kusa da rediyo don jin wa ya kada wa. Amma girmamawar ƴan kallo ce. Kakanninmu ba su nemi mai horarwa ba, domin hauya da rijiya da tafiyar ƙasa sun ishe su. Mu ƴan boko mun ajiye hauya, ba mu ɗauki komai a madadinta ba, har muka mai da tumbi shaidar rufin asiri, zufa kuma abin kunya ga mai alƙalami.

Cikin sanyin Janairu na 2023 na yi mako 2 ban je ba, na fake da gyaran takardun jarrabawa. Ran nan da magariba sai ga shi a ƙofar gidana da littafinsa. Bai yi mini gori ba. Ya buɗe shafi ya nuna mini 3 ta farko, da 11 ta ƙarshe, ya yi shiru. Kunya ta sa na tambaye shi abin da na daɗe ina gudu: me ya fitar da shi daga makaranta? Ya sunkuyar da kai ya ce: "Mushe, ku gafarce ni. A diktenku daga 20 ake farawa ana ragewa, kuskure 5 ya zama sifili. Ranar da na yi kuskure 30, sifili. Ranar da na kwana ina karatu na yi 12, sifili. Sai na ga ƙoƙarina ba shi da inda ake rubuta shi." Na ce: "Ɗana, ni ya kamata in nemi gafara." A daren nan barci bai zo mini da wuri ba.

Washegari na koma. Da azumin 2023 ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, ya mai da aikin bayan tarawihi, ya rage shi, bai yarda a yanke ba. Yau nauyina kilo 85, awon jinina yana tsakanin 13 bisa 8 da abin da ya yi kusa. Ban daina shan ƙwayoyi ba, kuma shi ne farkon mai hana ni dainawa ba da izinin likita ba.

Ya ku ƴan'uwana malamai, ban zo in ce a daina gyara kuskure ba. Shi ma yakan tsai da ni sau 10 in bayana ya lanƙwashe. Makin da doka ta tanada ina nan ina ba da shi. Sai dai yanzu, a ƙasan kowace dikte, ta Faransanci ko ta Hausa, nakan rubuta adadin kalmomin da yaro ya rubuta daidai, da na makon jiya a gefe. Akwai wata yarinya a layin baya da har yanzu makinta sifili ne, amma ta tashi daga kalma 41 zuwa 58, kuma ba ta ƙara fashin makaranta ba. Ko za ta ci jarrabawa, Allah ne masani. Ni dai gobe da asuba ina da alkawari da malamina, kuma ya ce 20 muke nema. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.