Tukuicin Kaka

Kwana uku da rasuwar Kaka, muna zaune tsakar gida a Galmi, Kawu ya yi mini wata tambaya. Lokacin cirar albasa ne, ko'ina buhuna jibge a bakin babbar hanya, warinta har cikin ɗaka. Masu gaisuwa sun ɗan ragu. Ya jawo tabarma kusa da ni, ya rage murya ya ce: "Ke ɗiyata, ke da kinka yi boko. Na ji malaminku ya ce aikinta ba shi hisshe ta. To in haka na, don mi tay yi shi?"

Sai na ɗan faɗi ko wane ne Kawu, in ba haka ba ba za a ji nauyin maganar ba. Shi ne ɗan farin Kaka. Ta haife shi a aurenta na farko, a wani ƙauye wajen Illela. Ciwo ya kawo ta likitar Galmi (mu nan gini ma likita muke ce masa, ƴan Kano su yi haƙuri), ta daɗe tana jinya, auren ya mutu, ta zauna, ta zama Kirista, ta sake aure ta haifi innata. Shi kuwa aka bar shi wurin dangin ubansa. Ya tashi Musulmi, yau yana fataucin albasa tsakanin Galmi da Ƙonni. Bai taɓa yanke zumunci da ita ba. Ko wace salla sai ya aiko mata da turmin zane.

Aikin da yake nufi kuwa duk unguwa ta san shi. Tun kafin a haife ni Kaka take tashi da asuba ta dama kunu, ta ɗauka a kai ta kai wa masu jinya, waɗanda suka zo daga nesa guzuri ya ƙare musu. Buzaye, Fulani, mutanen Sakkwato da suka ƙetaro ta Ƙonni, ba ta tambayar addinin kowa. Ranar jana'iza fasto ya yi wa'azi daga wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, sura ta 2, inda ake koyar da cewa ceto kyauta ce daga Allah, ana karɓarta ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba ce balle wani ya yi fahariya. Ya ce kada kowa ya zaci kunu ne ya kai ta sama. Mu muka ce amin. Kawu yana can baya, a tsaye, ya ji. Abin da ya ji shi ne an ɗauke abu ɗaya da yake rataya begensa a kai game da uwarsa.

Na ba shi amsar da aka koya mana a ƙungiyar matasa: aiki ƴaƴan itace ne, bangaskiya ce saiwa. Na ƙara da abin da yanzu nake jin kunyarsa. Na ce ku kuna dogara ga aiki, mu ga alheri. Ya dube ni ya ce: "Wa ya ce miki? Mu ma an hwaɗa muna ba wanda aikinai ka kai shi Aljanna sai da rahama. Ba wanga nika tambaya ba." Ya tashi ya tafi alwala.

Na koma Yamai da tambayar. Da yake harshe nake karanta, inda na iya nan na dosa, wato kalmomi.

Abin da na fara ganowa ya ba ni dariya: babbar gardamar nan ta Turai, wani ɓangarenta rigimar masu fassara ce. A 1522 Martin Luther ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci. A Romawa 3:28, inda Bulus yake maganar samun karɓuwa gaban Allah ta wurin bangaskiya, Luther ya saka kalmar da ke nufin "kaɗai", alhali babu ita a Girkancin. Aka yi masa ca. A 1530 ya rubuta wasiƙa yana kare kansa, cewa haka Jamusanci yake so, kuma mai fassara bakin uwa a gida da na mutumin kasuwa zai saurara. A matsayina na ɗalibar harshe ina tare da shi a kan wannan ƙa'ida. Sai dai wuri guda da Sabon Alkawari ya haɗa "bangaskiya" da "kaɗai" shi ne wasiƙar Yaƙub, sura ta 2, kuma can musantawa aka yi: bangaskiyar da ba aiki tare da ita gawa ce. Luther bai ji daɗin Yaƙub ba, har ya kwatanta wasiƙar da tattaka. Katolika suka mai da martani a taron Trent, a 1547. Sai a 1999, a Augsburg, wakilan Katolika da na Lutheran suka sa hannu a takarda guda cewa alheri ne ke ceto, kuma shi ne ke sa mutum aikin kirki. Shekara ɗari huɗu da ɗoriya kafin a kai nan.

Mu a Galmi wannan gado ta hannun mishan SIM ya iso mana. Sun shigo Nijar a 1924 ta Damagaram, suka buɗe likitar Galmi a 1950. Mutane ne masu tsananin riƙo da "bangaskiya kaɗai". Amma ka tambayi kowa daga Madawa har Dogon Dutsi me ya sani game da su, ba zai kawo maka aya ba, zai ce maka an yi wa ƙanensa aiki ya tashi. Kalmar ma ita ce dai: aiki.

Daga nan na juyo kan Hausa. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, kuma kalmomin da muka gāda a coci suna da nasu hali. Ɗauki "bangaskiya". Ban gaskiya ce, ba da gaskiya, ƙirarta ɗaya da ban kwana, ban hannu, ban ruwa. Duk ɗan Galmi ya san ban ruwa ba a zuci ake yin sa ba, sai ka shiga garka ka jiƙe har gwiwa. Wato kalmar da aka ɗauko don ta tsaya gaban aiki, ita kanta sunan aikatau ce. Na san malaminmu zai ce asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba, kuma gaskiyarsa. Amma kunne yana jin abin da yake ji.

"Alheri" ta fi rikitarwa. Daga Larabci muka aro ta, kuma ita aka sa wa kyautar Allah wadda ba a cancanta ba. To amma a bakin mutane, alheri shi ne abin da Kaka take yi da asuba. "Ta yi mini alheri." "Mai alheri ce." Har karin magana muna da shi, cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato yana da sakamako. Saboda haka da fasto ya ce alheri ya cece ta ba aiki ba, a kunnen Kawu kamar an ce alheri ya cece ta ba alheri ba. Abu biyu da Turawa suka raba da sunaye biyu suka yi ta yaƙi a kai, mu suna ɗaya muka ba su. Na daɗe ina ɗaukar wannan kuskuren fassara ne. Yanzu ban tabbata ba.

Na rubuta duk wannan cikin kayen karatuna, ina ta jin daɗin kaina. Da hutu ya zo na karanta wa innata. Ta saurara tana tsinke zogale, ta ce duk wannan wahala ce, ai Kaka da bakinta ta ba da amsa. Wai wata rana wata mai jinya ta ce mata Allah ya ba da lada, sai ta ce: "Lada? An riga an ba ni. Tukuici nika yi."

Na yi shiru. Tukuici ba kuɗin kaya ba ne. Ba wanda ke biyan rago da dala ashirin ɗin da ya miƙa wa yaron da ya jawo shi. Kuma ba mai kyautar ake ba wa ba, shi ya fi ƙarfin haka. Wanda ke tsaye a ƙofarka ake ba wa. Sannan ba ya zuwa sai kyauta ta riga ta iso. Nan Bulus ba shi da ta cewa. Amma a ce an aiko maka da rago ka karɓi igiya ka rufe ƙofa, yaro ya koma hannu wofi? Gari duka zai ce ko dai ba ka san abin da aka ba ka ba, ko kuwa saƙon bai shiga gidanka ba. Yaƙub ke nan. Kwatancin yana da inda ya gaza, na sani: masu jinya ba su suka kawo mata ceto ba. Ko da yake ita, wadda ta kwanta a tabarmar nan ba ta da kowa, wataƙila ba haka take gani ba.

Na sami Kawu a tashar albasa ana loda wata babbar mota mai zuwa Abijan. Na faɗa masa. Ya daɗe bai ce komai ba, yana kallon ƴan dako. Can ya ce: "Haka tac ce?" Na ce haka Inna ta ce ta ce. Ya ce: "To ita ta san abin da anka ba ta." Bai ce ya yarda ba, ni ma ban nema ba. Abin da ke tsakaninsa da addininsa game da uwar da ta mutu Kirista yana nan, kalma ɗaya ba ta ɗauke shi. Ya ciro jika biyu daga aljihu ya ce a sayi hatsi, kada kunun ya tsaya.

Kunun kuwa ya riga ya tsaya, tun mako biyu bayan jana'iza. Innata ƙafa ta hana ta, ƙannena suna lakwal. Ni ce mai bangaskiya daidai da littafi, na san Trent, na san Augsburg, kuma a Yamai kullum ina wuce masu jinya zaune a bakin asibiti ban taɓa tsayawa ba. Na kawo wa Inna kuɗin. Ta nuna mini tukunyar a bayan ɗaki, ta ce a jiƙa hatsin tun dare, kuma in ina so in tarar da su kafin su watse, ƙarfe huɗu zan tashi.