Turancin Dole: Ina Rabon Baki?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai kwas guda da ya haɗa mu gaba ɗaya, da mai karatun likita da mai karatun Hausa, wato Turancin nan na dole da ake yi a shekarar farko. Ko mutum ya cinye darussan sashensa kaf, in ya faɗi wannan ba shi ba digiri sai ya maimaita. Ni dai ban ƙi wannan doka ba, domin da Turanci ake yin galibin laccoci. Abin da ke damuna shi ne an kula da alƙalami an manta da baki.

A duba hanyar da muka biyo. Kafin a ɗauke mu sai da muka kawo kiredit a Turanci na WAEC ko NECO. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ma ta wajabta mana takardar Turanci, ko mene ne mutum zai karanta. A WAEC har takardar furuci akwai, amma abin mamaki da fensir ake amsa ta. A ba ka kalma, ka zaɓi wadda sautinta ya yi daidai da nata, ka shafe gurbi, ka fito ba ka ce uffan ba! Alhali kuwa nan ne gizo ke saƙa ga Bahaushe. Wasulanmu 5 ne, kowane da dogo da gajere, shi kuwa Turancin Ingila da ake koya mana sautin wasalinsa 20 ne. Bambancin p da f, wanda ake yi mana dariya a kansa, babu shi a harshenmu. Wannan aikin kunne ne da leɓe, fensir bai iya shi ba.

Tsarin kwasa-kwasan bai-ɗaya ya fara kafuwa ne a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka. A can Amurka, kwalejoji da yawa sukan haɗa kwas ɗin rubutu da na jawabi, inda ɗalibi zai miƙe gaban aji ya yi magana a ba shi maki.

Mu kuwa a ajinmu zauren lacca bai ɗauke mu ba, wasu ta taga suke saurare. Har zangon ya ƙare ba a ce wani ya tashi ya faɗi jimla ɗaya ba. Laifin ba na malamin ba ne, mutum guda ne da lasifika. Amma ranar kare kundin digiri na zuwa, kuma na ga wani na gaba da mu, wanda aikinsa ya fi na kowa, ya tsaya gaban malamai zufa na keto masa, magana ta ƙi fita.

Shawarata ita ce a raba mu rukuni-rukuni, kowa ya yi jawabin minti 5 sau biyu a zango, a sa shi cikin makin gwaji. Ƙungiyarmu ta Hausa ta saba shirya muhawara, sai ta ware wasu ranaku a riƙa yin ta da harsunan biyu.