Karen Shanun Ostireliya: Kyan Gashi Ba Shi Ne Hali Ba

'Yan uwana mata, na san wata za ta ce me ya haɗa filinmu da zancen kare? Ni ma wallahi ko haushi na ji a lungu sai na canza hanya. Amma akwai wani kare na ƙasar Ostireliya da labarinsa ya tsaya mini a rai, tun ranar da yayana da ke karatu can ya ba ni shi.

Mu nan mun saba ganin Bafulatani da sandarsa, ya yi kira shanu su biyo shi. Can kuwa Turawan da suka zauna ƙasar sakin dubban shanu suke yi a makeken daji babu shinge, har su koma kamar namun dawa, ga doguwar tafiya kafin a kora su kasuwar birnin Sidni. Karnukan da aka zo da su daga Ingila suka kasa jure zafi da nisa. Sai wani mai garke, Thomas Hall, a wajajen 1840, ya haɗa karnukan korar shanu na Ingila da dingo, wato karen dajin ƙasar. Daga wannan ruwa-biyun ne aka sami karen shanun Ostireliya.

Kin san yadda yake aiki? Shiru zai lallaɓo ta bayan saniya mai taurin kai, ya ɗan cije ta a diddige, nan take ya kwanta ƙasa harbinta ya wuce ta samansa. Fari ake haihuwarsa, daga baya gashin ya rikiɗe ya yi shuɗi-shuɗi ko ja-ja, gwanin sha'awa. Ga ƙarko: wani mai suna Bluey ya rayu daga 1910 zuwa 1939, shekara 29 da wata 5.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wasu mutanen birni sukan saye shi don kyan gashin nan, su kulle shi a ɗaki. Karen da aka yi don ya wuni yana gudu bayan garke, yaya zai zauna? Sai ya hau yayyaga kujeru, yana bin yaran gida yana cizon diddigensu, shi a dole kiwo yake. Ƙarshe a ce mugu ne, a rabu da shi. Ni kuwa na ce laifin mai saye ne, da bai tambayi halinsa ba.

Ba wai ina haɗa ɗan Adam da kare ba ne, Allah ya tsare. Amma ƙannena mata sun gaji da jin wannan daga bakina: hali zanen dutse ne. Kafin ki ce "ina so", bincika me ya saba yi, yaya yake da mahaifiyarsa, yaya yake in ransa ya ɓaci. Kada ki ce in an yi aure kya gyara shi. Ƙawata, shiga gida ba ta canza hali, sai dai ta fito da shi fili.