Ƙoƙon Mai Da Ya Tsayar Da Injin Babanmu

Duk wanda ya taɓa tayar da tsohon injin katako ya san ba manyan ƙarafuna ne ke wahalar da mutum ba. Ƙarfen zubi ko ya shekara sittin yana nan daram, goge tsatsa kawai yake buƙata. Abin da ke hana barci shi ne 'yan ƙananan kayan da ke shayar da injin mai da giris, waɗanda wani bai kai girman ɗan yatsa ba.

Injin firar katako da na gada wurin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ƙirar Wadkin ne, kamfanin da aka kafa a birnin Lesta na Ingila a 1897. Da shi aka ciyar da mu, kuma yau yara huɗu ne ke jiran ya tashi su samu na abinci. Da na kwance shi, sai na tarar da ramuka biyar a buɗe: kawunan giris biyu sun karye, ƙoƙunan mai uku na tagulla sun ɓace tun tuni. Ramin mai a buɗe kuwa, a garin da ƙurar hunturu ke haɗuwa da garin katako, hanya ce ta kashe boris.

Na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ina ganin abu ne na yini guda. Wani mai kayan mota ya zubo mini kawunan giris cike da gwangwani, ya ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne, ka ɗaure da ƙarfi zai shiga." To, mai karatu, ba ɗaya ba ne. Turawan Ingila sun yi injinansu bisa tsarin tiredin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841, wanda kusurwar haƙoransa digiri 55 ce, alhali na mita da na Amurka digiri 60 ne. Ramukan injina BSP ne na 1/8, masu haƙora 28 a kowane inci. Na Amurka mai kama da shi, wato NPT, haƙora 27 gare shi. Ido ba ya rabe su. Zai shiga zagaye biyu ya cije, in ka matsa ka cinye tiredin ramin, ka jawo wa kanka sabon aiki.

Akwai kuma wani tarkon. Ba kowane rami ne na giris ba. Inda tebur ke zamewa sama da ƙasa mai yake so, domin giris yana kama garin katako ya daskare kamar tuwon jiya. Shi ya sa ƙoƙon mai ke da murfi, wani kuma har da lagwani a ciki, yana ɗiga mai kaɗan-kaɗan.

Sati uku na yi ina yawo da guntun kan giris ɗaya a aljihu, ina gwadawa. A wurin 'yan gwangwan na ci karo da gawar wani injin Ingila, na kwance kawuna biyu da ƙoƙo ɗaya. Sauran biyun wani dattijo mai injin tona ne ya fere mini su daga sandar tagulla. Ya auna haƙoran, ya yi murmushi, ya ce rabonsa da yanka irin wannan tiredi ya manta.

Maganarsa ta tsaya mini a rai. Kayan dai ana samu, ko a intanet ma akwai masu sayarwa. Masu gane su ne ke ƙarewa. Don haka na sayi littafi, na zana injin, na rubuta kowane rami da girmansa da abin da yake sha, mai ko giris, na kuma sa yaran shago kowa ya kwafa da hannunsa. Wanda ke da tsohon inji a ajiye, don Allah kada ya bari a sayar da shi a kilo kafin a cire waɗannan 'yan kayan. Wani na can yana nemansu ruwa a jallo.