Tukunya ko tulun giya: abin da na gano a wani ƙauyen Ingila

A wanga wata zan ba ku labarin wani ƙauye inda na sauka a arewacin ƙasar Ingila, cikin yankin Kambiriya, kusa da birnin Kalayil. Ƙasa ce ta duwatsu da sanyi da yawan ruwan sama. Tumaki su ne arzikin mutanen wurin.

Mai masaukina dattijo ne, makiyayin tumaki. Ran lahadi da rana ya ce in zo mu tafi pab, ni da shi da uwargidansa. Pab shi ne gidan da mutanen gari ke taruwa. Ana sayar da giya, ana sayar da abinci. Na ce masa ni musulmi ne, ba ni shan giya. Ya ce ba komi, akwai shayi da lemu, kuma ba mai tilasta mini.

Da munka shiga, sai na ga ɗaki mai ɗumi, ana hura wuta a gefe guda. Ga tsofaffi, ga mata da yara, har da karnukan kiwo kwance ƙarƙashin tebur. Ba a zuwa a tambaye ka abin da kake so. Kai ne za ka tashi ka je wurin mai gida, ka faɗi, ka biya. A nan makiyaya ke jin kuɗin tumaki a kasuwa. A nan ake samun mai askin gashin tumaki, ko wanda zai ba da aron tarakta.

Anka kawo mana gasasshen naman rago da dankalin turawa da romo. Muna cikin ci sai gardama ta tashi.

Dattijo ya ce gidan ya lalace. A ganinsa, darajar pab ita ce yawan irin giyar da ke cikinsa. Iri uku kaɗai ke nan, alhali a wani gari ya ga iri goma. Ya ce yanzu tebur ɗin cin abinci ya cinye wurin zaman fira. Ba shi kaɗai ke da wanga ra'ayi ba. Tun 1971 wasu mutum huɗu sunka kafa ƙungiya mai suna CAMRA don kare giyar gargajiya ta Ingila.

Uwargida ta ce: "Kai dai faɗi gaskiya. In ba don tukunya ba, da an rufe gidan nan tuntuni."

Mai gidan ya ji su, ya matso ya yi mana bayani. Ya ce giyar gargajiya da sha'ir ake yin ta, a zuba a ganga. In an buɗe ganga, kwana kaɗan take yi ta yi tsami. Ƙauye ƙarami ba ya iya shanye ganga goma kafin su lalace. Gara iri uku masu kyau da goma da za a zubar. Abinci kuwa yana kawo kowa: mai iyali, da matafiyi, da wanda ba ya sha kamar ni.

Akwai kuma dokokin gwamnati. A 1967 anka fara auna numfashin direbobi, don kama mai tuƙin mota da maye. Wanda ya zo da mota daga nesa ba ya iya sha da yawa. A 2007 anka hana shan taba cikin irin waɗannan gidaje. Masu zama sha kawai sunka ragu, gidaje da yawa sunka rufe. Da yawa cikin waɗanda sunka tsira, tukunya ce ta riƙe su.

Dattijo ya yi shiru, sannan ya tuna shekara ta 2001. A shekarar ne ciwon baki da kofato ya faɗa wa bisashe. An kashe dabbobi fiye da miliyan 6 a ƙasar, kuma Kambiriya ce ta fi shan wahala. An rufe hanyoyin daji, baƙi sunka daina zuwa, makiyaya sunka zauna gida ba mai ziyartar wani. Ya ce a lokacin ne ya san ciwon rashin wurin taro.

Washegari sunka kai ni wani ƙauye mai suna Hesket Newmarket. Pab guda ne a garin, sunansa Old Crown. A bayansa akwai ƙaramin wurin dafa giya da anka buɗe a 1988. Da masu shi sunka so barin aikin, mutane sunka haɗa kuɗi sunka saye shi a 1999. Daga baya pab ɗin kansa ya shiga kasuwa. Mutanen gari sunka ji tsoron kada baƙo ya saye ya canja shi, ko ya rufe. Sai mutum fiye da 100 sunka kafa ƙungiyar haɗin kai, kowa ya zuba rabonsa, gidan ya zama nasu a 2003. A 2004 Yarima Charles, wanda ya zama sarkin Ingila a 2022, ya zo da kansa ya gani.

To, wa ke da gaskiya, dattijo ko uwargida? Ni dai na ba uwargida. Giya tana tara masu sha kaɗai, kuma tana cin aljihu da lafiya. Abinci yana zaunar da gari duka wuri guda. Amma dattijo bai yi ƙarya ba: in kowa ya ci ya tashi, ba a bar wurin fira ba, gidan ya zama kantin abinci kawai.

Ƴan'uwa, giyarsu ba tamu ba ce. Abin da na ɗauko muku shi ne dabarar mutanen Hesket Newmarket. Ba su jira gwamnati ba, ba su jira attajiri ba. Ku duba garinku. In akwai rijiya, ko rumbun tsimi, ko injin niƙa da ke shirin mutuwa, ku zauna ku ƙirga: ku nawa ne, kuma nawa kowa zai iya zubawa?