Littafin bashi a hannun baƙo

Ɗan kasuwar Guci mai saro kaya daga Najeriya ba ya rabuwa da takardu: rasidin duwan, takardar lanho, littafin bashi. Dokar lissafi ta ƙungiyar OHADA, wadda Nijar ta sa hannu a yarjejeniyarta a 1993, ta wajabta ajiye takardun ciniki shekara 10. To amma gara da yoyon damina ba su san doka ba. Don haka ɗaukar hotonsu a kwamfuta, wurin masu wannan sana'a a Magariya ko Damagaram, dabara ce mai kyau.

Sai dai littafin bashi asirin jama'a ne. Cikinsa akwai sunan magidancin da ya ci bashin gero, da wanda ya kasa biya, kuma duk mai ɗaukar hoton zai karanta. Saboda haka mai hankali ba ya fara da tambayar farashi. Yakan ƙirga shafukansa, ya tsaya a yi aikin a gabansa, ya tabbata hatimi da lambobi sun fito sarai, sa'annan ya ga an goge kome daga na'urar mai shagon.

Takardun asali kuwa su koma akwatin ƙarfe, domin ran da gardama ta tashi, su za a fara nema.